Sharhi: Kayan Maza Masu Sunan Taurari a Ayalan, Bayan Sawa da Wanki

Rigar da aka manna wa sunan wani ɗan wasa tana da kyau ranar da aka ciro ta daga leda, kamar kowace sabuwar riga. Sai ta sha wanki goma, ruwan Nuwamba ya jiƙa ta sau biyu ko uku, an shanya ta a ɗaki ta kwana biyu ba ta gama bushewa ba, sannan ake sanin abin da aka saya. A kan wannan ma'auni na ɗora sharhin nan, domin a Ayalan yanayi ne alƙalin tufafi. Sanyin ƙasar ba mai tsanani ba ne, da rana a tsakiyar hunturu ma'aunin zafi kan tsaya wajen digiri 7 ko 8, da bazara kuma da wuya ya wuce 20 sosai. Matsalar ita ce danshi da iska da yayyafin da ba ya sallama. Dublin, babban birnin ƙasar, kan samu ruwa kusan milimita 750 a shekara, yammacin ƙasar kuwa ya haura 1,000.

Kafin a je ga taurarin, sai an san wanda ake sayar wa kayan. Namijin Ayalan na gargajiya ba ya son a kalle shi sau biyu saboda abin da ya sa. Shekaru da dama shigar fita da daddare ɗaya ce daga Cork a kudu har Donegal a arewa: wandon jins mai buɗaɗɗen baki, shat mai zanen dara, da takalmi sau-ciki ruwan ƙasa. Da rana kuwa jesin gundumarsa ta GAA, wato ƙungiyar wasannin gargajiyar ƙasar, ko rigar motsa jiki mai rabin zif, da wandon atisaye. Ranar biki a fito cikin kwat shuɗiya mai duhu da falmaran, takalmin nan dai ruwan ƙasa. Wanda ya kauce wa wannan layi, abokai za su yi masa caa da tsiya, su ce yana ji da kansa. Wandon nan mai buɗaɗɗen baki ma, in don yanayi ne, ba shi da hujja: bakinsa yana jan ƙasa, yana shan ruwan titi kamar lagwani har zuwa ƙwauri, kalmasar baya kuma ta zare cikin 'yan watanni saboda dunduniyar takalmi tana taka ta.

Cikin wannan kasuwa Paul Galvin ya shigo. Tsohon ɗan ƙwallon Gelik ne, wato ƙwallon gargajiyar Ayalan, na gundumar Kerry, ya ci kofin ƙasa sau 4, an kuma zaɓe shi gwarzon ɗan wasa a 2009. Tun yana buga wasa ake masa ba'a kan matsattsun wandunansa. A 2015 ya fitar da kayansa na farko tare da Dunnes Stores, kantin da Ben Dunne ya buɗe a Cork a 1944, inda iyali ke sayen madara da burodi su kuma ɗauki safa a hanyar fita. A ganina wannan zaɓi na kanti ya fi duk wani zane da ya yi tasiri. Saurayin da ke ƙauye a Mayo ba zai hau mota zuwa Brown Thomas, kantin kayan tsada, ya gwada doguwar tishat ba, amma in ta rataye a kantin da mahaifiyarsa ke cefane, kuma sunan ɗan ƙwallon da ya sani na jiki, zai ɗauka ya shiga ɗakin gwaji.

Yankan kayan Galvin na masu siririn jiki ne: kafaɗa a tsuke, ƙirji daidai, riga ta ɗan sauko ƙasa da ƙugu, wando ya matse daga gwiwa zuwa idon sawu. Ga wanda jikinsa ya dace, jaket ɗin da manyan rigunan da ake ɗorawa a kan tishat su ne abin saya. Suna yin aikin da yanayin ƙasar ke buƙata, wato a sa kaya hawa-hawa, a cire ɗaya in an shiga bas ko ofis, a mayar in an fito. Launukan kuma ba sa ihu, baƙi ne da toka da shuɗi mai duhu da kore irin na soja, don haka suna shiga da abin da mutum ya riga ya mallaka. Doguwar riga kuwa tana da sharaɗi. In tsawon mutum bai kai santimita 175 ba, rigar da ta sauko ta rufe aljihun wando tana gajarta masa ƙafa a ido. Tishat ta tsaya a tsakiyar zif ɗin wando, iyakarta ke nan.

Abin dariyar shi ne matsattsen yanka ya fi cutar da 'yan wasan kansu. Wanda ya taso yana buga ƙwallon Gelik ko zari-ruga yana da kaurin cinya da ƙaramin ƙugu. In ya sayi wando daidai ƙugunsa, cinya ta ƙi shiga. In ya ƙara lamba, baya ya yi baki. Maganin shi ne a saya daidai cinya, a kai wa tela ya rage ƙugu ta ɗinkin baya. Inci ɗaya zuwa ɗaya da rabi ake iya cirewa ba tare da aljihunan baya sun matso juna sun ɓata fasalin wandon ba. A nan kayan Tommy Bowe, tsohon ɗan zari-rugan ƙasar daga Monaghan, wato XV Kings da takalman Lloyd & Pryce, suka bi wata hanya dabam. Ba su nemi canza wa kowa shiga ba. Shat ne da suwaita da jaket irin waɗanda mutumin gari ya saba, an ɗan gyara musu fuska, ana kuma samun su a ƙananan shagunan maza na garuruwa. Ba su burge ni ta fuskar ƙirƙira ba, amma sun san mai sayensu.

Yanzu ga inda kaya masu matsakaicin farashi ke faɗuwa, ko sunan wa ke jiki. Wannan ba laifin kamfani guda ba ne, lissafin farashi ne: in an biya tauraro kasonsa, an biya masu hoto, kuma dole rigar ta tsaya a kuɗin da talaka zai iya, yadi ne ke biyan bashin.

A fara da ƙaramar takardar da ke ɗinke a gefen ciki, wadda ke faɗin abin da aka saƙa yadin da shi. A wandon jins, roba mai miƙewa kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ta isa. In ta kai 3 ko 4, kuma an haɗa da foliyesta mai yawa, wandon zai yi daɗin sawa makon farko, daga nan gwiwa ta yi jaka, mazaunai su saki. Dalili kuwa zaren robar yana gajiya, zafi kuma yana kashe shi. Matsattsen wando yana mutuwa ne a tsakanin cinyoyi, inda yadi ke gogar yadi a kowane taku. Sirantar wurin ita ce alamar farko, kuma in an kai wa tela ya sa faci ta ciki kafin ya huje, wandon zai ƙara shekara. A wanke shi a bai-bai, a ruwa mai digiri 30, zif a rufe, kada ya shiga injin busar da kaya. Baƙin jins yana zuba a wanki biyu ko uku na farko, a ware shi.

Tishat kuma nauyin yadi ake dubawa. Mai giram 140 zuwa 150 a kowace murabba'in mita siririya ce, in ka ɗaga ta ga haske kana hango yatsunka. Daga 180 zuwa sama ita ke riƙe siffarta. Cuta biyu ke kama mai arha. Ta farko wuya ya saki ya yi kamar bakin buhu, sai a duba ko an bi bayan wuyan da ƙyallen ƙarfafawa daga kafaɗa zuwa kafaɗa. Ta biyu ɗinkin gefe ya murɗe ya dawo kan ciki bayan wanki, saboda zaren yana da murɗi kuma ba a daidaita yadin ba kafin a yanka. Wannan ba shi da magani, guga ba ta gyara shi.

Suwaita ce na fi jin takaicinta, domin ƙasar da ta ba duniya saƙar tsibiran Aran bai kamata mazanta su riƙa yawo cikin akirilik, zaren roba mai kama da ulu, ba. Akirilik yana tara ƙulle-ƙulle a hammata da gefen da jaka ke goga, kuma zarensa yana da ƙarfi, ƙullin ba ya faɗuwa da kansa kamar na ulu. Yana riƙe warin gumi, a gidan da ake shanya kaya a ɗaki kuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ulu yana ɗumama jiki ko da ya ɗan jiƙe, ba ya kuma buƙatar wanki akai-akai, shan iska ya ishe shi. In takardar ta nuna ulu bai kai rabi ba, suwaitar ta kaka ɗaya ce. Ta ulun a wanke ta da hannu ko a zaɓin ulu na inji, a shimfiɗa ta a kan tawul. In aka rataye ta a jiƙe, kafaɗa za ta yi ƙaho, tsawonta ya ƙaru.

Jaket kuma a bambanta wadda ke ture yayyafi da wadda ke hana ruwa. Yawancin na ado rukunin farko ne: an fesa wa yadin wani sinadari da ke sa ruwa ya gangare, wanki yana cinye shi, ruwa kuma yana shiga ta ramukan allura a kafaɗa. Mai hana ruwa ta gaske ana rubuta mata lambar da ke nuna ƙarfin ruwan da yadin ke iya tarewa, milimita 5,000 don tafiyar gari, 10,000 don ruwa mai iska irin na Galway a yammacin ƙasar, kuma in ka juya cikinta za ka ga an bi ɗinkunan da tef. Kada a sa mata sinadarin laushin kaya a wanki, yana toshe ta.

Sai kwat, inda sunan ɗan damben nan Conor McGregor ke shigowa. Kome mutum ke gani game da halinsa, shi ya sa samarin Dublin da yawa suka fara son kwat mai falmaran da hankici a aljihun ƙirji. A farkon tashensa shagon Louis Copeland da ke titin Capel ne ke yi masa sutura. A Yulin 2017, wajen taron manema labarai kafin dambensa da Floyd Mayweather, ya fito da kwat ɗin da aka saƙa zagi a cikin layukanta, aikin telan nan na Kaliforniya David August Heil, wanda daga baya suka haɗa kai suka fitar da August McGregor. Abin da masu kwaikwayo suka manta shi ne kwat ɗin da ke jikinsa an auna shi aka ɗinka. Da samari suka je neman irin matsewar a kan rataye, sai suka koma sayen lamba ɗaya ƙasa da tasu. Sakamakon ana ganinsa a hotunan biki: maɓalli yana ja har yadi ya yi alamar giciye a ciki, kwalar kwat ta rabu da wuyan shat, bayan kwat bai rufe mazaunai ba.

Kwat ana sayenta ne da kafaɗa, domin nan ne tela ba ya iya taɓawa da arha. Ɗinkin kafaɗa ya tsaya daidai inda ƙashi ya ƙare. In an ɓalla maɓallin sama, tafin hannu ya iya shiga tsakanin ƙirji da kwat. Hannun shat ya leƙo da santimita ɗaya. Ciki, tsawon hannu da ƙafar wando duk aikin kwana biyu ne a wurin mai gyara. Akwai kuma abin da ba a gani: kwat mai arha an manna ƙyallen ƙirjinta ne da gam, mai tsada kuwa ɗinka shi aka yi. In ruwa ya jiƙa mai gam, aka bi ta da guga mai zafi ko aka yawaita kai ta wankin sinadari, gam ɗin yana saki, ƙirji ya yi ƙuraje kamar bangon da fenti ya kumbura. Ana gwadawa ta hanyar tsunkule yadin waje da shafin ciki a ƙasan maɓalli a ja su. In an ji wani ƙyalle na uku yana yawo a tsakani, ɗinki ne. Wanda zai kashe kuɗi sau ɗaya, na fi ba shi shawarar jaket ɗin ulun Donegal irin na Magee, kamfanin da ke wannan sana'a tun 1866. Yadin yana da kauri, yayyafi ba ya ratsa shi da wuri, ɗigo-ɗigon launin da ke jikinsa kuma yana ɓoye tabo.

Takalmi a taƙaice: tafin roba, ba na fata ba, domin fata tana shan ruwa tana kuma santsi a jiƙaƙƙen dakali. In ya jiƙe a cusa masa takarda ya bushe a hankali, nesa da na'urar ɗumama ɗaki, in ba haka ba fatar ta tsage, gam ɗin tafin ya ɗaye daga baki.

Wani abu da ke ba ni mamaki shi ne tauraron da ya fi kowa juya shigar samari a 'yan shekarun nan bai fitar da kaya da sunansa ba. Paul Mescal, wanda ya buga wa matasan gundumar Kildare ƙwallon Gelik kafin ya koma fim, an ɗauke shi hoto a 2020 yana yawo cikin gajeren wandon kamfanin kayan wasanni na O'Neills, irin wanda kowane yaro mai zuwa filin GAA ke da shi a jaka. Kamfanin yana nan tun 1918, wandon kuma bai canza don kowa ba: ƙugun roba da igiya, yadi mara nauyi, a wanke shi da dare a sa shi da safe. Lambarsa ta filin wasa ce, gajere ne sosai, don haka mai son fita da shi gari ya ƙara lamba ɗaya.