Kyamarar gaban mota mai kukan gargaɗi: wata 4 tsakanin Yamai da Tawa

Jikka 35 na saye ta a wani shago kusa da Babbar Kasuwar Yamai, kwana 3 bayan na daki bayan wata taksi a hawan gadar Kennedy. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo, amma fitiluna biyu sun tafi, kuma laifin nawa ne don na manne mata. Mai shagon ya ce, "Alhaji, wannan ba hoto kaɗai take ɗauka ba, in ka matse ta gabanka sai ta yi kuka."

Abin da ya burge ni shi ne da daƙiƙa take awo. Tana kallon yadda bayan motar gabanka ke ƙara girma a idonta, ta lissafa lokacin da ya rage ku haɗu. Ita ta sa na zauna na yi lissafin da ban taɓa yi ba tun da na karɓi parmin tuƙi: mai gudun kilomita 90 a awa yana cin mita 25 a daƙiƙa guda, kuma kafin ƙafa ta isa birki kusan daƙiƙar ta wuce. Ashe ratar mita 15 da nake bari bayan manyan motoci tsakanin Dosso da Dogondutsi ko daƙiƙa ɗaya ba ta kai ba. Jikina ya yi sanyi, don da iyalina nake bin hanyar nan. Yanzu mita 50 nake bari, watau daƙiƙa 2.

A cikin gari kam ta gajiyar da ni. Ɗan kabu-kabu ya kutso, ta yi kuka; faba-faba ta tsaya ɗaukar fasinja, ta yi kuka, har kunne ya saba ya daina ji. Wannan ya fi komai damuna. Ranar da hazo ya yi kauri kuwa sai an matso sosai take farga, kuma wani dare bayan Tsarnawa amalanken jaki marar fitila ya bayyana gabana, ba ta ce uffan ba. Birki kuma ba ta takawa.

Ga mai doguwar tafiya da rana, ta cancanci kuɗinta. A nemi mai ɗaurin ƙarfe, don zafin rana ya narkar da gam ɗin tawa sau 2.