Zaman zane da yumɓu don masu damuwa a Birni: abin yabo da abin gyara

A wani ɗakin ba da shawara da ke Birni, nan Damagaram, ana zaman awa ɗaya da mutum shida. Minti 10 na farko na daidaita numfashi ne, sai a ba kowa takarda da alli mai launi, ko dunƙulen yumɓu irin na maginan tukwanen Mirya. Ba a neman gwaninta.

Yumɓun ya fi aiki. Wanda baƙin ciki ya ɗaure masa baki yakan murza, ya fasa, ya sake ginawa, magana ta biyo baya da kanta. Mai jagorar ba ta fassara wa kowa zanensa, tambaya take yi: "Baba, wannan jan fa?" Haka ya dace. Wanda ke ƙyamar zana mai rai kuwa, a ce ya yi zayyana irin ta bangon gidajen Birni.

Aibin shi ne rufewar zaman. Minti 5 bai isa wanda ya tono tsohon ciwo ya natsu ba, ya kamata a kai 15. Da hunturu ma yumɓun na tsagewa, don ba sa rufe shi da jiƙaƙƙen tsumma. Mai tunanin kashe kansa, likita zai fara gani.