Bayan Ritaya: Jari a Kamfanin Matasa ko Shagon Kanka?

Tun da na ajiye aikin gwamnati a Abuja, abokan da muka yi ritaya tare suke yawan tambayata ko su zuba kuɗin sallamarsu a sababbin kamfanonin matasa, ko kuwa su kama sana'a da hannunsu.

Sayen kaso a kamfanin da bai tsaya da ƙafarsa ba ya samo tsarinsa na zamani ne a Amurka a 1946, lokacin da aka kafa ARDC, wani kamfanin zuba jari a sababbin kamfanoni, wanda ya sa dala 70,000 a kamfanin ƙera kwamfuta na Digital Equipment a 1957. A nan gida, sayen Paystack, kamfanin biyan kuɗi ta intanet da matasan Najeriya suka kafa, da kamfanin Stripe na Amurka ya yi a 2020 ne ya buɗe idon mutane. Irin wannan jari ba ya cin ƙarfin jiki, sai dai kuɗin yakan kwanta shekaru ba a taɓa shi, kuma da yawa daga irin waɗannan kamfanoni durƙushewa suke yi.

Shago a kasuwar Wuse kuwa yana kawo ciniki kullum, amma haya da man janareta da tsayuwar yini suna cin dattijo. Ni kaina gwiwata ta shaida.

Na farkon ya dace da mai rarar da zai iya jure asararta, na biyun kuma da mai ƙoshin lafiya wanda cefanen gida ke jiransa.