Jami'ar NOUN Ga Matar Aure Mai Aiki: Inda Take Da Sauƙi, Inda Take Cizo

Matar da karatunta ya tsaya a sakandare ko NCE, ta yi aure, ga yara, ga aiki ko 'yar sana'a a hannu, idan ta ce za ta koma makaranta, sunan da aka fi ambata mata shi ne NOUN, jami'ar gwamnatin tarayya ta karatu daga gida. Gwamnatin Shehu Shagari ce ta kafa ta a 1983, sojoji suka dakatar da ita a 1984, aka farfaɗo da ita zamanin Obasanjo, ta dawo aiki a 2002. Hedikwatarta na Jabi a Abuja, tana da cibiyoyin karatu sama da 100, ciki har da ta Sauna a Dakata, Kano, da ta Rigachikun a Kaduna. Ɗan Kano, Farfesa Abdalla Uba Adamu, ya shugabance ta daga 2016 zuwa 2021.

Hukuncinmu a kanta: wajen shiga da wajen tsara lokaci, da wuya a sami wadda ta kai ta sauƙi ga mace mai ɗawainiya. Sai dai ta ɗauke miki zuwa aji ne kawai, karatun yana nan yadda yake, kuma ba mai bin ki ya ce kin yi ko ba ki yi ba. Yawancin matan da ke yankewa a hanya, a nan suke tuntuɓe.

Ba a rubuta jarrabawar JAMB kafin a shiga. Abin da ake nema shi ne kiredit 5 a WAEC, NECO ko NABTEB, har da Turanci da Lissafi, a zama ɗaya ko biyu. Mai NCE ko difloma tana iya farawa daga aji biyu. Ana cike fam ta intanet, a biya ta Remita, wato hanyar biyan kuɗi ta intanet, a kai takardu cibiyar da aka zaɓa don tantancewa. Abu biyu ne ke cin mata a wannan gaɓar. Na farko suna: takardar sakandare na ɗauke da sunan mahaifi, katin NIN na ɗauke da sunan miji, ko an rubuta Hauwa a nan, Hauwa'u a can. Wannan saɓanin yakan yi lamo har sai an zo daidaita shigarki da hukumar JAMB, wanda dole ne ko da ba ki zauna jarrabawarta ba. Ki yi rajista da sunan da ke kan takardar sakandare, ki gyara sauran tun da wuri. Na biyu, lambar waya da imel su zama naki na kanki. Wadda ta bar mai shagon intanet ya sa nasa, duk ranar da ta manta kalmar sirri sai ta je neman sa, kuma ba lallai shagon na nan ba.

Ma'aikaciyar gwamnati kuma ta nemi izinin karatu a rubuce daga ma'aikatarta kafin ta fara. Digirin da aka yi ba tare da izini ba yakan sha tambaya lokacin da aka kai shi neman ƙarin girma.

Kuɗi ba dunƙule ake biya ba. Ana zuba su a asusun ɗalibi da ke shafinki, daga nan a cire na rajistar zango, na kowane kwas, da na jarrabawar kowane kwas. Tsarin ya dace da mai adashe ko mai jiran albashi, tunda kwas kaɗan kuɗi kaɗan. Amma ki lura, rajistar kwas daban, ta jarrabawa daban. Akwai masu yin ta farkon su kwanta, sai jarrabawa ta matso su tarar ba sunansu. Ki buga takardun biyu ki adana a inda yara ba za su kai hannu ba.

Yanzu ga wurin da ya kamata a daɗe a kansa, wato yawan kwasa-kwasan da za ki ɗauka. Kowane kwas yana da littafinsa, ana sauke shi kyauta a shafin jami'ar, an kasa shi darasi-darasi da tambayoyin gwada kai a ciki. A ɗauka littafi yana da darasi 15, kowanne yana cin awa ɗaya da rabi, kina kuma da mako 12 kafin jarrabawa. Kwas 5 darasi 75 ke nan, kusan awa 9 a mako. Kwas 10 kuwa awa 19. Kafin ki taɓa rajista, ki ɗauki takarda ki lissafa awoyin da kike da su da gaske, ba waɗanda kike fata ba. Ga mafi yawan mata, ana samun su ne a wuri uku: bayan sallar asuba kafin a ɗora ruwan wankan yara, da walaha idan ba ki fita aiki, da tsakanin la'asar da magariba lokacin da yara ke Islamiyya. Awa ɗaya kullum na kwana shida da awa uku ranar hutu, awa 9 ne cif. Ma'ana kwas 5 ko 6, ba 10 ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala: mai kwashe duka don ta gama a shekara 4 takan ƙare da kariyoba uku, ta sake biyan kuɗinsu, ta ƙara shekarar da take gudu. Jami'ar ta yarda a ja karatun ya wuce shekara 4, kuma wannan sassaucin shi ne mafi darajar abin da take bayarwa. A yi amfani da shi.

Karatun dare bayan kowa ya kwanta shi ne abin da kowa ke fara tunani, shi ne kuma mafi ƙarancin amfani. Matar da ta tashi ƙarfe 5, ta yi aiki, ta yi girki, idan ta buɗe littafi ƙarfe 11 idonta ne kawai ke bin layi. Bayan mako uku ciwon kai da faɗa da yara su biyo baya. Gara ki kwanta ƙarfe 10 ki tashi da rabin awa kafin asuba. Kuma karanta shafi 200 a fuskar waya yana gajiyar da ido, ga saƙonnin WhatsApp na shigowa. Kwasa-kwasai biyu mafi wuya ki buga su a takarda, sauran su zauna a waya don zaman jiran layi a asibiti ko cikin adaidaita.

Maki kashi biyu ne. Aikin gida da ake kira TMA yana da 30, jarrabawa 70. TMA uku ne a kowane kwas, ana amsa su a shafinki, littafi a buɗe, kuma suna da ranar rufewa. Wannan kyauta ce ga mai ɗawainiya, domin ana iya yin su goyo a baya. Kada ki bari sai daren ƙarshe, lokacin da dubban ɗalibai ke rububin shiga shafi ɗaya, ga wuta da data ba su da tabbas. Akwai kuma masu sayar da amsoshin TMA a rukunonin WhatsApp. Mai saye takan sami 28 cikin 30 ba ta buɗe littafi ba, ta ɗauka ta iya. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare: a ɗakin jarrabawa ba mai sayar da komai.

Jarrabawa ita ce inda kalmar "daga gida" ke ƙarewa. Dole ki je cibiya da ƙafarki. Aji ɗaya da biyu a kwamfuta ake yi, daga aji uku zuwa sama takarda da biro. Wadda ba ta saba da kwamfuta ba ta sami mako biyu tana koyon riƙe linzami da buga haruffa, saboda akan haɗa da tambayoyin cike gurbi, kuma kwamfuta ba ta yafe kuskuren harafi. Sauyin aji uku ma yana girgiza mutane: wadda ta saba zaɓen A, B, C sai ga ta tana buƙatar rubuta shafi biyu da Turanci. Tun daga aji biyu ki riƙa amsa tambayoyin gwada kai a rubuce. Jadawalin jarrabawa yana bazuwa cikin makonni, yana faɗawa ranakun aiki, ba ruwansa da ranar girkinki. Da zarar ya fito, ki kai wa maigida da shugabanki a wurin aiki, ki nemi musanyar kwana da abokiyar zama idan akwai, ki san wadda za ta riƙe jariri. Mai shayarwa ta tafi da ƙanwa ko 'yar raino ta zauna da shi a waje. Miya kuwa a yi ta kwana uku tun kafin.

Mai ciki ta ƙirga watanninta da kalandar zango. Idan haihuwa za ta faɗo kusa da jarrabawa, ko jarrabawar za ta same ki cikin wankan jego, ki rage kwasa-kwasan zuwa biyu ko uku, ko ki sanar da cibiya ki ɗage zangon. Haka zangon da azumi ya ratsa: ki ci rabin littattafan kafin watan ya kama.

Raunin NOUN mafi girma kaɗaici ne. Ana yin darussa ta intanet, amma malami ba zai san fuskarki ba, ba zai lura kin ɓace ba. Kowace cibiya tana da jami'an ba da shawara, ki san ofishinsu tun makon farko. Ki kuma nemi mata biyu ko uku 'yan kwas ɗinku, ku riƙa haɗuwa sau ɗaya a mako. Rukuni mai mutum 200 ba ya maye gurbin wannan, tallan atamfa ya fi karatu yawa a ciki. Shekarar ƙarshe ma tana da nata nauyin: aikin bincike, ga masu karatun malanta kuma koyarwar gwaji a wata makaranta, wadda ke buƙatar fita kullum na makonni.

Wa ta dace da ita? Malamar firamare mai NCE da ke neman digiri, ma'aikaciyar jinya mai rajista, ma'aikaciyar ofis, da duk wadda ke iya karanta Turanci ita kaɗai ta fahimta. Wadda ta shekara 15 ba ta riƙe littafi ba, Turancinta ya yi tsatsa, ko ta san ba ta motsi sai da malami a gabanta, ta fara duba NTI, cibiyar horar da malamai da ke Kaduna tun 1976, inda ake haɗuwa da malamai ido da ido a ƙarshen mako, ko shirin karatun wucin gadi na jami'ar da ke kusa da ita.