Yankari da iyali: a kwana a Wikki ko a juyo a ranar?

Magidancin da ya kwashi iyalinsa daga Bauchi zuwa gandun namun daji na Yankari, ya ratse a Dindima ya nufi ƙofar Mainamaji, yana da zaɓi biyu. Juyowa a ranar ya fi sauƙin kuɗi, sai dai daga ƙofar zuwa sansanin Wikki, inda maɓuɓɓugar ruwan ɗumi take, akwai tafiyar fiye da kilomita 40, don haka yara ba su gama jiƙa jiki ba za a ce su fito a kama hanya.

Kwana kuwa, a ganina, shi ne ziyarar. Ruwan Wikki yana nan a kan ɗumin digiri 31 dare da rana, garau har ana hango yashin ƙasansa, kuma daɗinsa ya fi fitowa da asubahin hunturu, lokacin da tururi ke tashi a kansa. Wanda ya kwana ne kuma yake samun zagayen sassafe a gefen kogin Gaji, inda dabbobi ke taruwa da rani. Amma uwargida ta rufe kular abinci da kyau, domin gwaggon biran sansanin ba su da kunya, a hannun yaro ma sukan fizge burodi.