Sun ce wata uku, shekara ta zagayo ba mu gama ba

Duk wanda zai ɗauko kamfanin tsara takardun ofis a Jidda, in suka ce masa wata uku za su gama, ya tambaye su me za su gama. Mu kamfanin aika kaya ne zuwa Kano da Yamai, ba wani babba ba, amma takardun da suka taru tun kafin a kawo harajin VAT a 2018 sun cika ɗaki guda a sito: fatura, takardun kwastam, kwantiragin ma'aikata, kwafin iƙama (katin izinin zama a Saudiyya) da fasfo na masu aiko kaya. Maigida ya ga tallarsu ya kira su. Kuɗin kuwa kun san yadda suke yankawa.

In sikanin ake nufi, wato ɗaukar hoton takardu a zuba a kwamfuta, sun cika alkawari. Yara biyu suka zauna da na'ura safe da yamma suna ta zura takarda. Raina ya ɓaci ne ranar da akantanmu ke neman faturar wani mai kawo mana kwali da igiya, ta tsakiyar 2020, lokacin da harajin ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 15 a ranar 1 ga Yuli. So ake a ga da wanne ya caje mu. Na buɗe manhajar da aka ce komai na ciki. Fayil bayan fayil, lamba ce kawai a kansu. Na rubuta sunan mutumin, shiru. Ashe a wata takardar sunan shagonsa ne, a wata nasa, a wata kuma rubutun hannu ne da Larabci, manhajar ba ta karanta shi. Kwanan wata rabi Hijiriyya rabi Miladiyya, duk sun zuba su layi ɗaya. Dole akanta, dattijo mai fama da gwiwa, ya durƙusa cikin kwalayen da yaran suka mayar yadda suka ga dama. Ya ɗago da ƙura har gemu ya ce min, "Malam, da can ai na san kwalin da take." Wallahi na ji kunyarsa.

Sai da Alhaji maigidanmu ya ɗaga musu murya suka turo wata baiwar Allah da ta san aikin, kuma ita kam ba ni da abin cewa sai sambarka. Ba ta taɓa na'ura ba. Ta bi mu teburi teburi tana tambaya: wace takarda ke fita daga hannunka, wa ke neman ta, yaushe take daina amfani? Daga nan ta fitar da jadawalin ajiya, wato tsawon lokacin da za a riƙe kowace irin takarda. Takardun VAT aƙalla shekara 6, littattafan ciniki shekara 10, kwafin fasfo da iƙama kuwa a lalata su da zarar buƙatarsu ta ƙare, saboda dokar kare bayanan mutane ta Saudiyya da wa'adin fara bin ta ya cika a Satumba 2024. Ta ce ƙa'idar duniya ta tsara ajiyar takardu, ISO 15489, da suke tallar suna bi ma daga fahimtar aikin kamfani take farawa, sikanin a baya yake zuwa. Ita ta faɗa mana gaskiya: ƙididdige abin da ke akwai kaɗai watanni ne, lauya ya duba jadawalin, a koya wa ma'aikata, sannan a jira rufe lissafin shekara a ga ko tsarin ya tsaya da ƙafarsa.

To me ya hana su faɗin haka tun ranar farko? Zuwanta ma sai suka kira shi mataki na biyu, da sabon kuɗinsa. Ga kuma abin da ke ci min tuwo a ƙwarya: tarin fasfunan da muka biya aka yi wa sikanin, su ne yanzu muke biya a goge. Har yau ba a haɗa ajiyar da faturar lantarki ta ZATCA, hukumar zakka, haraji da kwastam ta Saudiyya, ba, yaranmu na sito kuma sun koma ajiye hotunan rasit a WhatsApp domin horon da aka yi musu na yini guda ne.

Tauraro biyu na ba su, biyun duka nata ne. In za ku ɗauke su, ku sa a rubuce cewa jadawalin ajiya ne farko, kuma ku shirya wa shekara ko fiye.