Garejin da Ke Duba Tsofaffin Marsandi a Gombe Kafin Gwajin Lafiyar Mota

Babbar matsalar tsohuwar motar alfarma ita ce ta iya ɓoye ciwonta. Mercedes-Benz S-Class samfurin W220, wadda aka ƙera daga 1998 zuwa 2005, an yi ta ne domin kada na ciki ya ji gargadar hanya, saboda haka ƙarar da za ta tayar wa mai ƙaramar mota hankali ba ta isa kunnen mai ita sai ɓarnar ta yi nisa. Dalilin da ya sa ke nan na kai S500 ɗina, wadda irin wannan samfurin ce, wani gareji da ke gefen hanyar Bauchi a nan Gombe, wanda aikinsa Marsandi ne kawai, domin a duba ta kafin in je sabunta takardar shaidar lafiyar mota wurin jami'an VIO.

Maigidan garejin bai fara da kwamfuta ba. Ya sa an ajiye motar a wuri mai lebur, ya auna tsayinta daga tsakiyar kowace taya zuwa bakin fenda da yamma, sannan ya sake aunawa da safe. Irin wannan mota ba sifirin ƙarfe ne ke ɗauke da ita ba, tsarin Airmatic ne, wato jakunkunan roba da wani famfo ke cika wa iska. Idan robar ta tsufa, ga zafin Gombe ga ƙurar hunturu, sai ta tsattsage ta riƙa sakin iska a hankali, famfon kuma ya yi ta aiki ba hutu har ya ƙone. Da gari ya waye tawa ta durƙusa ta gaba a gefen dama, kuma da ya fesa ruwan sabulu a jikin shok ɗin da jakar iskar ke ciki, kumfa ta nuna inda iskar ke fita. Ya ba ni zaɓi uku: sabon shok, ɗan Beljiyam, ko a cire tsarin iskar gaba ɗaya a sa sifiri kamar yadda mutane da yawa ke yi. Ya faɗi aibin kowanne ba tare da ya tura ni ga mafi tsada ba, kuma a wurina wannan ya fi duk wani abin da na gani a garejin daraja.

A kan rami ne ya nuna ƙwarewarsa. Mota ce mai nauyin kusan tan 2, kuma bol-join da bushin na ƙafafun gaba su ne ke shan wahalar wannan nauyi a duk ramin da aka faɗa. Da dogon ƙarfe ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɓanɓarawa, ya kira ni in ga motsin da idona, motsin da ban taɓa ji a sitiyari ba.

Birkin ajiya ma ya ba ni mamaki. A wannan mota da ƙafa ake taka shi, yana kuma da ƙananan takalman birki na kansa a cikin faifan baya. Tun da giyar otomatik ce, yawancinmu P muke sakawa mu fita, sai wayar birkin da takalman su daskare saboda rashin amfani, ba a kuma sani sai ranar gwaji. Man birki kuwa yana tsotsar ruwa daga iska, shi ya sa ake canza shi duk shekara 2.

Sai bayan wannan ya jona kwamfuta. Fitilar SRS, wato fitilar gargaɗin jakar iskar da ke kare mutum a haɗari, da ke kunne ta samo asali ne daga shimfiɗar da ke cikin kujerar fasinja, wadda ke gane ko akwai mutum a kai. Na tambaye shi ko zai goge ta daga kwamfutar kawai, ya ce: "Alhaji, in na goge, kafin ka isa Tashar Dukku za ta dawo." Bai yarda a toshe fitilar ba, yadda wasu ke yi, kuma ya yi daidai, domin mai gwajin da ya san aikinsa yana lura ko fitilun gargaɗi sun kama idan an murɗa makulli, sannan sun mutu bayan injin ya tashi. A Ingila, inda ake wa mota gwajin lafiya mai suna MOT duk shekara da zarar ta kai shekara 3, fitilar SRS da ke nuna matsala kaɗai ta isa ta kayar da mota.

Game da hayaƙi, ya leƙa salansa ya tabbatar ba a cire abin tace hayaƙin da makanikai ke kira indomi ba, ya kuma tunatar da ni cewa injin motar, M113, silinda 8 gare shi amma filogi 16, don haka wanda ya canza 8 rabin aiki ya yi. Ya karanta lambobi huɗu na ƙarshen rubutun da ke farawa da DOT a jikin kowace taya, waɗanda ke nuna mako da shekarar ƙira, ya kuma goge gilasan fitilun gaba da suka yi rawaya.

Inda garejin ya gaza shi ne kayan awo. Ba su da na'urar auna ƙarfin birki ko ta auna hayaƙi, sai dai a fita titi a taka a ji, wanda ba ya nuna ko wata taya ta fi wata kamawa da ɗan kaɗan. Kayan gyara ma ba a ajiye suke ba, sai an aiko daga Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas, saboda haka wanda takardunsa suka kusa ƙarewa ya kamata ya kai motar da wuri. Kuɗin dubawar ya fi na garejin unguwa, amma an raba shi da kuɗin gyara, mutum yana iya ɗaukar motarsa ya kai wani wuri. Sai dai da baki ake bayanin komai, kuma sai da na nema sannan wani yaron garejin ya rubuta mini jerin abubuwan da aka gano a bayan rasit.